Sokawen Da Bai Taɓa Cika Ba, Ina Yake Kai Ƙazantar?

Akwai wata magana da masu gidaje ke yi da alfahari idan hirar gini ta tashi: "Ni sokawena shekara 15 ke nan ban taɓa kiran mota ta kwashe ba." Sai a jinjina kai, a yaba wa magini, har wani ya nemi a haɗa shi da shi. Wannan maganar ta fi cancantar a tsorata da ita. Gidan da ke da mutum 10, kowa yana shiga bandaki yana wanka, yana tura ɗaruruwan lita na ruwan ƙazanta cikin rami kowace rana. In ramin ya shekara 15 bai cika ba, to wani wuri abin yake tafiya, kuma mafi yawan lokaci wurin shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda rijiyar gidan da ta maƙwabci ke ja.

In ban da wasu unguwannin Abuja da ke haɗe da babban bututun da ke kai ƙazanta matatar Wupa, da 'yan tsirarun jami'o'i da rukunin gidaje, garuruwanmu ba su da magudanar gwamnati da ke ɗauke bahaya daga gidaje. A Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, haka a Maraɗi da Damagaram, kowane gida shi ne matatar kansa. Amma shawarar yadda za a yi wannan matatar ana barin ta ne ga mai haƙa rami da birkila, a ƙarshen aiki, lokacin da kuɗi ya ƙare. Ra'ayina shi ne mun ɗora darajar sokawe a kan zurfi, alhali zurfin ne babban aibinsa, kuma muddin ba mu raba tsakanin tankin da ke riƙe ƙazanta da ramin da ke tsotse ruwa ba, za mu ci gaba da shan abin da muka zubar.

Abin da yawancinmu ke kira sokawe rami ne guda ɗaya, a haƙa shi ƙafa 15 ko 20, a jera bulo da 'yan ramuka a jiki, a bar ƙasan a buɗe, a zuba kankare a rufe. Duk abin da ya fito daga masai yana faɗawa ciki ɗanye. Tsarin da ya dace abu biyu ne daban, kowanne da aikinsa. Na farko tanki ne wanda ko ɗigo bai kamata ya fita ta jikinsa ba, mai daɓen kankare a ƙasa, bango na bulo inci 9 da aka cika ramukansa da kankare, an yi masa filasta mai kyau ta ciki. A cikinsa ƙazantar ke hutawa: mai nauyi ya kwanta a ƙasa ya zama baƙar laka, maiƙo da kumfa su taso sama su yi ɓawo, ruwa ya zauna a tsakiya. Ƙwayoyin halitta da ba sa buƙatar iska suna cin lakar a hankali suna rage ta. Ruwan tsakiyar nan kaɗai ake so ya wuce zuwa na biyu, wato wurin da ƙasa za ta tsotse shi.

Kada wani ya ɗauka ruwan da ya fito daga tanki ya tsarkaka. Tankin yana rage kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi na ƙarfin ƙazantar, amma ƙwayoyin kwalara da taifod da ƙwan tsutsar ciki da yawa suna nan a ciki. Ƙasa ce ke ƙarasa aikin, kuma ba kowace ƙasa ba: ta sama ce, wadda iska ke ratsawa, mai rai, wadda ruwa ke bi a hankali yana tacewa. Da zarar ramin ya kai inda ƙasa ke jiƙe da ruwa dindindin, tacewa ta ƙare, sai dai gaurayuwa. Shi ya sa ƙa'idar da masu aikin tsafta ke bi ta ce gindin rami ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa, wasu ma mita 2 suke so. Kuma ba a rani ake auna wannan ba. A leƙa rijiyar da ke kusa a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, a sa igiya a auna daga baki zuwa ruwa. In ruwan yana mita 4, ramin tsotsa bai kamata ya wuce mita 2 da rabi ba, ko da mai haƙa ya rantse cewa sai ya "taɓo yashi" aikin zai yi kyau.

Lissafin girman tanki ba shi da wuya. A ɗauki gida mai mutum 10, kowa na tura kamar lita 80 a rana, lita 800 ke nan. Ana so ruwan ya kwana biyu a ciki kafin ya fita, lita 1,600. Laka kuwa tana taruwa kimanin lita 40 ga kowane mutum a shekara, in za a riƙa kwashewa duk shekara 3 sai a ƙara lita 1,200. Jimla 2,800. Tanki mai faɗin mita 1, tsawon mita 2.5, zurfin ruwa mita 1.5 zai ɗauki lita 3,750, ya bar wa baƙi da ranar biki wuri. A ƙara santimita 30 tsakanin saman ruwa da murfi. A raba shi ɗaki biyu, na farko ya ci kashi biyu cikin uku na tsawon, a bar ƙofar wucewa a bangon tsakiya daidai rabin zurfin ruwa, inda babu laka babu ɓawo. A gidajenmu da iyali ke ƙaruwa duk shekara, a yi lissafin da yawan mutanen da za a kai nan da shekara 10.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne a 'yan ƙananan abubuwa masu arha. Bututun shiga da na fita duka suna buƙatar mahaɗi mai siffar T, ƙafarsa ta nutse cikin ruwa. Na shiga yana hana ƙazantar da ta zo da ƙarfi ta dama tankin. Na fita, wanda ake so ya nutse kamar kashi 40 cikin 100 na zurfin ruwan, shi ke hana ɓawon maiƙo bin ruwa ya fice. In babu shi, maiƙon zai je ya shafe bangon ramin tsotsa, ya toshe ƙofofin ƙasa kamar an yi mata fenti, sai ramin ya daina sha. Daga nan ne za a ga ruwa yana dawowa bandaki, ko yana ɓulɓulowa ta gefen murfi, mai gida ya ce ƙasar wurin ce ba ta da kyau, alhali ɗan mahaɗin roba ne ba a sa ba. Bakin fita kuma ya yi ƙasa da na shiga da santimita 5 zuwa 8. Bututun da ke tahowa daga bandaki ya zama inci 4, yana gangarowa kamar santimita 2.5 a kowace mita. In gangaren ya yi kaɗan ƙazanta ta tsaya a hanya, in ya yi yawa ruwan ya gudu ya bar ta a baya. A duk inda bututun ya yi lanƙwasa a sa camba, wato ɗan akwatin siminti, mai murfi don zura sanda ranar toshewa. A sa bututun iska ya zarce rufin ɗaki, a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda da sauro. Kafin a fara amfani da tankin, a cika shi da ruwa, a bar filasta ta sha, a sake cikawa a yi alama, a dawo bayan kwana ɗaya. In ruwan ya sauka sosai, yana yoyo, a gyara tun ba a rufe ba.

Sai maganar murfi. Sau da yawa ana zuba kankare a shafe tankin baki ɗaya, a shimfiɗa tayil ko intalok a kai, har a manta inda yake. Ranar da ya cika sai an kawo guduma. Kowane ɗaki na tankin yana buƙatar ƙofa mai faɗin santimita 60, da murfi mai nauyin da yaro ba zai iya ɗagawa ba, a wurin da tiyon motar zuƙa zai iya kaiwa.

Ita ƙasar ma ana gwada ta kafin a yanke shawara. A haƙa ɗan rami mai faɗin santimita 30 ta kowane gefe a zurfin da ruwan zai riƙa fita, a cika shi da ruwa a bar shi ya kwana. Washegari a sake zuba ruwa ya kai santimita 30, a sa sanda mai alama, a duba tsawon lokacin da zai ɗauka ya sauka daga 22.5 zuwa 7.5. In bai kai rabin awa ba, ƙasar tana sha da sauri fiye da kima, irin rairayi ko marmara mai tsaguwa, ruwa zai wuce ba tare da ya tacu ba. In ya haura awa 4, yumɓu ne ko taɓo, ramin tsotsa ba zai yi aiki a nan ba komai girmansa. Tsakanin nan ne ake samun abin da ake so. Ƙasar Kano da Zariya, mai dutse a ƙarƙashi da rijiyoyi marasa zurfi, daban take da rairayin arewacin Borno, kuma dukkansu daban suke da baƙar lakar fadama da ke kumbura da damina ta tsage da rani. Zane ɗaya ba zai yi wa duka ba.

Inda fili ya wadata, kamar makaranta ko gidan gona, abin da ya fi rami shi ne a shimfiɗa ruwan a kwance: a yanka ramuka dogaye masu faɗin santimita 60 da zurfin ƙasa da mita 1, a zuba tsakuwa, a ɗora bututu mai huji-huji da ɗan gangare kaɗan, a ƙara tsakuwa, a rufe da ƙasa. Ruwan yana zama a ƙasar sama mai iska, nesa da ruwan rijiya. A gidan cikin gari kuwa ramin tsotsa ne mafita, amma gajere mai faɗi, mita 1.5 zuwa 2 a baki, bulo a jere da rata, a zagaye bayansa da tsakuwa. Bangon ne ke shan ruwa, gindin kan toshe da wuri, don haka gajeru biyu sun fi dogo ɗaya. In da hali a nisanta shi mita 5 daga harsashin gini. Ruwan kicin ya fara bi ta ƙaramar camba mai tare maiƙo, saboda man ja da man gyaɗa, ruwan indararo kuwa kada ya kusanci tankin, don ruwan sama guda ɗaya ya isa ya wanke lakar ya tura ta ramin tsotsa.

A nan ne maganar ta wuce ta gida ɗaya. Ƙa'ida ta ce a bar mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiya. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kuwa mita 15 da 30 ne gaba ɗayansa, balle na awon igiya da aka raba biyu ko huɗu. Ko mutum ya kai sokawensa ƙarshen gida ya haƙa rijiya a ƙofa, na maƙwabcinsa yana bayan katanga, taku biyar daga bakin rijiyar. A irin waɗannan unguwanni gaskiyar da ya kamata a faɗa wa mutane ita ce ruwan rijiyar gida na wanki ne da wanka, ba a sha sai an tafasa ko an sa kulorin. Tafasawar ma ba ta cire sinadarin naitiret da ke fitowa daga fitsari da bahaya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyakar miligiram 50 a lita saboda haɗarinsa ga jarirai. Mai burtsatse shi ma bai tsira ba sai in an cike gefen bututunsa da siminti a mita 5 ko 6 na sama, in ba haka ba ruwan saman yana bin jikin bututun ya gangara. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 111,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,600, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna cikin inda ta fi ƙamari. Mun taso muna jin hanin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi na yin bayan gida a wuraren ɗiban ruwa. Ramin da ya huda ruwan ƙasa kusa da rijiyar maƙwabci yana aikata abin da aka hana ɗin ne, sai dai ido ba ya gani.

Ba kowane gida ne ma ke buƙatar tanki ba. Gidan da ake sayen ruwa a jarka, ana kora masai da buta, masai mai rami biyu ya fi dacewa da shi, irin wanda ƙungiyar Sulabh ta yaɗa a Indiya tun shekarun 1970. Ramuka biyu ne gajeru, faɗi mita 1, zurfi mita 1 zuwa 1.5, da rata aƙalla mita 1 a tsakani, bututu ya rabu biyu a camba. A toshe ɗaya a yi amfani da ɗaya, lita 1 ko 2 ta isa kora. In ya cika a juya, a bar na farko ya huta shekara 2, abin da ke ciki ya bushe ya zama kamar baƙar ƙasa marar wari, a kwashe da shebur. A ganina wannan ne tsarin da ya fi kowanne dacewa da talakan Arewa, kuma abin takaici ne yadda aka raina shi. Inda ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai, shadda mai bututun iska, wadda Peter Morgan ya ƙirƙiro a Zimbabuwe, tana maganin wari da ƙuda: bututu inci 4 ya zarce rufi da rabin mita, raga a bakinsa, cikin ɗakin da ɗan duhu don ƙudan ya bi hasken bututun ya maƙale.

Yanzu kuma ana ta tallar bayodaijesta, ƙaramin akwatin kankare da ya yaɗu a Gana ya shigo mana, ana cewa ba ya cika har abada. Yana da amfaninsa: ba ya cin wuri, ba ya buƙatar zurfi, yana raba ruwa da tauri nan take a kan shimfiɗar da iska ke ratsawa, tauri ya ruɓe da sauri. Amma "har abada" ɗin maganar kasuwa ce. Shimfiɗar tana toshewa, ana buɗewa a sauya, kuma ruwan da ke fita daga ciki yana ɗauke da cuta, dole ya shiga ramin tsotsa. Wanda ya juya bututunsa zuwa kwata ya mai da layinsu masai. Injinan zamani masu hura iska cikin tanki suna fitar da ruwa mai kyau fiye da duk waɗannan, sai dai ƙwayoyin da ke aikin da iska suke rayuwa, in wuta ta ɗauke kwanaki sai su mutu, tankin ya koma na gargajiya mai tsada. Otal ko asibiti mai sola da ma'aikacin da ke lura za su iya, gidan haya ba zai iya ba.

Makarantun kwana da manyan tsangayu da rukunin gidaje su ne ya kamata su duba tanki mai ɗakuna da yawa, huɗu zuwa shida bayan ɗakin farko, inda ake tilasta wa ruwa ya nutsa ƙasa ya taso ta cikin laka a kowane ɗaki. Ba ya cin wuta kuma yana son zafi irin namu. In aka bi shi da kwarin tsakuwa mai zurfin santimita 60, an shimfiɗa masa leda mai kauri ko kankare a ƙasa, an shuka kachalla a kai, ruwan da zai fito ya isa ban ruwan itatuwa. Kachallar da ta addabi manoma da masunta a fadamar Haɗeja da Nguru, a nan aiki take yi, in dai ana yanke ta kafin ta yi fure, ruwan kuma yana ƙarƙashin tsakuwa don kada sauro ya samu wuri. A unguwannin kwari da ruwa ke kwanciya da damina, ko dai a ɗaga wurin tsotsar sama a kan tulin yashi, ko a yi tanki rufaffe da ba ya fitar da komai. Na biyun yana da tsada: lita 800 a rana tana cika motar lita 10,000 cikin kwana 12 ko 13.

Kowanne aka zaɓa, sai an kula da shi. Famfas da audugar mata da leda su ne kan gaba wajen toshe bututu. Kananzir da baƙin mai da kabait da wasu ke zubawa wai don ramin ya sauka, da yawan Izal, kashe ƙwayoyin da ke cin lakar suke yi, ragowar kuma ta bi ƙasa zuwa rijiya. Sau ɗaya a shekara a samu gora doguwa, a naɗe mita ɗaya na ƙasanta da farin tsumma, a zura a ɗakin farko har ta taɓa daɓe, a jira minti biyar, a zaro a hankali. Inda baƙi ya tsaya a jikin tsumman, nan lakar ta kai. In ta haura kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwa, lokacin kwasa ya yi, ko da bandaki yana tafiya lafiya. In an zo kwasa a bar 'yar laka a ƙasa, kamar yadda mai nono ke barin ɗan tsohon kindirmo ya kama sabuwar madara. Kada kowa ya shiga ciki, kada a leƙa da ashana ko sigari. Iskar tankin tana kama wuta, akwai kuma mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke kashe hanci ta sumar da mutum cikin ɗan lokaci, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

To in an kwashe, ina za a kai? Wannan nauyin hukuma ne. Umarnin shugaban ƙasar Najeriya mai lamba 009 na 2019 ya sa burin kawo ƙarshen bahaya a fili, Jigawa kuma ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta cim ma hakan a 2022, abin a yaba ne. Amma gina masai rabin aiki ne. 'Yan gidan kowa da akwai da ke kwasa da bokiti da hannu cikin dare, da motocin zuƙa, in ba a ware musu wuri ba kududdufi da bakin rafi da gonakin bayan gari za su nufa, kuma duk wanda ya san rafin Jakara na Kano ya san da ruwansa ake ban ruwan ganyen da ke dawowa kasuwa. Dakar ta Senegal ta daɗe da wuraren karɓar lakar masai daga motoci. Abin ba ya buƙatar injin waje: fili ne mai daɓe, tsakuwa a ƙasa, yashi a kai, a zuba laka kaurin santimita 20 zuwa 30, ranarmu ta busar da ita cikin makonni kaɗan, a ajiye ta shekara guda kafin ta zama taki. Masu kwasar kuma a yi musu rajista, a ba su safar hannu da takalmin roba da famfon hannu, a daina kallonsu kamar masu laifi.

Hukumomin tsara birane irin KNUPDA ta Kano su daina amincewa da zanen gida in bai nuna girman tanki, da zurfin ramin tsotsa, da nisansa daga rijiyar gidan da ta maƙwabta ba. Duba-gari kuma ya zo da awo ranar da tankin ke buɗe, ya ga daɓen ƙasa, ya ga bangon tsakiya, ya ga T biyu a wurinsu, ya sa hannu, sannan a zuba kankaren murfi.